Laraba da Ƙoƙon da Ya San Gabas

An idar da sallar isha ke nan, mutane na laluben takalmansu a ƙofar masallaci, sai aka ji ƙararrawar saniya a tsakiyar unguwar bayan tasha. Ta buga, ta yi shiru, can ta sake bugawa. A Birnin Gwari ta yanzu ba a jin motsin shanu bayan duhu a ce alheri ne. Masu hira suka haɗiye maganarsu, mata suka shiga kiran 'ya'yansu ciki. Sadisu mai shayi ya rage fitilarsa ya kasa kunne, sai ya gane ba daga bakin daji ƙarar take fitowa ba, daga gidan da ke jikin teburinsa ne. Ya taka benci ya leƙa ta kan katanga.

Laraba mai gyaran rediyo ce a tsakar gidanta, ta ci ɗamara da gyale, tana riƙe da wani ɗan ƙoƙo mai murfi. Juyi take a hankali kamar mai sheƙar hatsi. Ta ɗaga ƙoƙon sama, ta kifa shi, ta karkata shi, ta zana da'ira da shi a iska. Duk sanda ta juyo wani wuri guda, sai ƙararrawa ta buga.

"Anti Laraba, lafiya dai? Ko in kira miki fasto?"

"Sauka daga katangata kafin ka faɗo min a kan tumatir. Karatu nake koya wa ƙoƙo."

"Wane irin karatu ne da rawa?"

"Gabas nake koya masa. Je ka, ruwanka na ƙonewa."

Wannan matar ita ta cancanci a tsaya a gaishe ta a gaban jama'a, tun tana da kunnen ji. Amma kafin a gane rawar wannan dare, sai an san ko wace ce ita, da kuma wanda aka yi rawar dominsa.

Kullum kafin 'yan makaranta su wuce, Laraba ta buɗe shagonta na ƙarƙashin mangwaro. Ta yi shara, ta jona ƙarfen dalma a batirin sola, ta saka tabaranta da aka ɗaure ƙafarsa ɗaya da zare. A jikin ƙyauren shagon ta manna maganaɗisun tsofaffin lasifika, allurai da ƙananan kusoshi sun maƙale musu kamar gashin bushiya. Tana da wata ɗabi'a da ba kowane mai gyara ke da ita ba: idan aka kawo mata rediyo, sai ta fara sansana shi kafin ta kwance. Ta ce abin da ya ƙone da abin da ruwa ya ci, kowanne da warinsa. Mahaifinta Solomon, mutumin wajen Gayam, shi ya kafa shagon. Tana ƙarama ita ke riƙe masa tocila, da hannunsa ya fara rawa sai suka yi musanya, shi ya riƙe tocila ita ta riƙe dalma. Yau furfura ta cika mata kai, tana nan a kan bencin.

Mutanen gari ba su manta da lokacin da aka yanke sabis ba, wayoyi suka zama duwatsu a aljihu. Tsofaffin rediyoyi suka riƙa fitowa daga ƙarƙashin gadaje, wasu har kyankyasai sun yi iyali a ciki. Laraba ta tashe su ɗaya bayan ɗaya, domin ta nan kaɗai ake sanin ko duniya na nan. Maliki ladan yana ba da labarin jajiberin wata sallah da lasifikar masallaci ta mutu, ya ɗauko ta a ka yana gumi. Ta gyara, ta ce ya gwada. Ya ce ai ba a kiran salla ba lokaci ba. Ta ce to ya yi tari. Ya yi tari, sai da awakin tasha suka watse.

Akwai wata 'yar kwamfuta a shagon da ba ta fi tafin hannu ba, tsirara ba riga, ana ganin hanjinta. Wasu masu binciken tsuntsaye ne suka bar mata sa'ad da daji ya daina shiguwa, domin ita ke gyara musu kayan aiki. Tare da ita suka ba ta wata 'yar ƙwaya kamar wake, wadda suka ce kamfas ce mai nuna arewa, amma ba ta da tsinke. Su ne suka gaya mata cewa ƙasar nan da muke takawa ita kanta ƙaton maganaɗisu ce, tana ja daga kudu zuwa arewa ba dare ba rana, kuma tsuntsayen da ke zuwa mana daga bayan teku wannan jan suke ji a jikinsu. Abin da daɗin tunani. Mutum na zaune yana shan koko, ashe wata igiya da ba a gani ta ratsa ta cikinsa ta wuce. Laraba ta koyi rubuta wa kwamfutar umarni kaɗan a wurinsu, saura ta ƙarasa a waya da sabis ya dawo. Tana yi ne don nishaɗi, har ranar da Halima mai fura ta shigo shagon da jajayen idanu.

Halima 'yar Bakoji ce, wani dattijon makiyayi da rugarsa ke cikin daji, yamma da gari. Idonsa ya daɗe da tafiya, amma a ruga bai taɓa neman ɗan jagora ba. Ya san gabas ta kukan rafi, ta gangaren ƙasa a tafin ƙafarsa, ta inda warin garke yake bugo shi da safe. Da 'yan bindiga suka kore shanunsa, Halima ta taho da shi gari. A gari kuwa kowace katanga irin 'yar'uwarta ce, janareta na gurnani ta ko'ina, kiran salla na zuwa daga kusurwa huɗu a lokaci ɗaya. Ta kafa masa turke a tsakar gida don ya gane alƙibla, amma Bakoji ba mazauni ba ne. Da hantsi yake ɗaukar sanda ya tafi kara, kasuwar dabbobi, ya saurari shanun wasu, duk inda salla ta riske shi nan yake yi. An gwada masa waya mai nuna alƙibla, ya shafa ya ji gilashi sumul, ya mayar.

Wata la'asar a gefen tasha ya tayar da salla yana fuskantar kudu. Wani mai wucewa, da kyakkyawar niyya, ya kama kafaɗunsa ya juya shi kamar buhun masara. 'Yan acaba suka yi dariya. Da ya sallame ya daɗe a zaune, sannan ya ce da 'yarsa, "Ranar kasuwa ki sa ni a mota. A ruga ba mai juya ni."

"Baffa, ba kowa a ruga. Ko kaza babu."

"Akwai gabas."

Halima ta san mahaifinta, idan ya faɗa ya gama. Ta kuma san wanda ya koma wannan daji shi kaɗai ba ido, ba a sa ran sake ganinsa. Abin da ta zo ta zube wa Laraba ke nan. Laraba ta saurara tana juya 'yar ƙwayar nan a tsakanin yatsunta, ta ce, "Ki ce masa ya ba ni zuwa ranar kasuwar."

Ta haɗa ƙwayar da kwamfutar da siraran wayoyi huɗu. Biyu na wuta ne, ɗaya ta magana, ɗaya kuma mai kaɗa musu taki don kada mai tambaya da mai amsa su yi magana a tare. Umarnin da ta rubuta ba shi da tsawo. Kwamfuta ta kira ƙwaya ta ce, me kike ji? Ƙwaya ta amsa da lambobi: ga ƙarfin jan da nake ji ta gaba, ga na gefe, ga na ƙasa. Kwamfuta ta auna na gaba da na gefe, ta gane inda hancin ƙwayar ya dosa. Idan ya dosa alƙibla, wadda a wurinmu gabas ce da ta ɗan karkata arewa, sai wata 'yar lasifika ta yi tsuwwa. Ba ta saka kayan a gwangwani ba, domin ƙarfe na ruɗa kamfas. Ƙoƙo ta samo mai murfi, ta shimfiɗa auduga, ta kwantar da su tare da batirin cajin waya, ta fito da maɓalli ɗaya ta gefe. Maliki ya kai shi jikin tsohon masallacin ƙasa na unguwa, wanda babu rodi a bangonsa, ya daidaita shi da sahu. Ƙoƙo ya yi tsuwwa daidai wurin.

Ana gobe kasuwa aka kira Bakoji shago. Laraba ta gwada a hannunta, daidai. Halima ta gwada, daidai. Aka ɗora wa dattijo a tafin hannu, ya jawo shi jikin ƙirjinsa, ya fara juyawa a hankali. Ya wuce gabas ƙoƙo bai ce komai ba. Sai da ya fuskanci teburin Sadisu sosai, sannan ya yi tsuwwa.

"Kun gani ko," in ji Sadisu, "har na'ura ta san inda albarka take."

Ba wanda ya taya shi dariya. Bakoji ya miƙa ƙoƙon inda yake jin numfashin Laraba. "Kin yi ƙoƙari, 'yar nan. Shi ma ya gane ni ba ɗan gari ba ne."

Laraba ba ta karɓa ba. Ta fara zargin rubutunta, ta bi shi layi-layi a allo ba ta ga kuskure ba. Ta zargi ƙarfen gindin sandarsa, aka jingine sandar can nesa, bai canza ba. Sai ta ce ya miƙe hannunsa, ya riƙa jawo ƙoƙon a hankali, ita kuma ta zuba wa lambobin ido. Suna nan lafiya lau, har ƙoƙo ya kusa ƙirjinsa, sai suka yi tsalle kamar an watsa wa kaji tsakuwa.

"Baffa, me ke cikin aljihunka na ƙirji?"

"Ba komai."

"Akwai ƙarfe. Ni ba na gani, amma ƙwayar nan tana ji."

Ya zura hannu ya fito da wani ƙullin tsumma, ya warware. 'Yar ƙararrawa ce ta baƙin ƙarfe, an naɗe harshenta da ƙyalle don kada ta yi ƙara. Halima ta dafe baki. Ta Saige ce, saniyar da ke jan garkensu, wadda ake rataya wa ita don a ji inda suka nufa a cikin duhuwa. Washegarin da aka kore shanun, yana lalube a garken da ba kowa, ƙafarsa ta taka ta. Tun ranar take ƙirjinsa, ko 'yarsa ba ta sani ba.

"To ai da sauƙi," in ji Sadisu. "A riƙa barin ta a gida."

Bakoji ya fara naɗe tsummansa. "Inda nake, nan take."

A nan ne, Laraba, kika nuna ko ke wace ce. Wani mai gyaran zai ce ga matsala ga magani, dattijo ya zaɓa, ko ƙararrawa ko alƙibla. Ke kuwa kika cire tabarau kika goge, kika ce, "Baffa, ba sai ka rabu da ita ba. Ƙarfen da ke zuwa yana tafiya shi ke ruɗa kamfas. Wanda ya zauna wuri ɗaya tare da ita, ana iya koya mata ta saba da shi, kamar yadda mai gida kusa da injin niƙa yake daina jin ƙara. Ka ba ni aronta zuwa safe."

"Ko Halima ban taɓa ba wa ba."

"Na sani."

Ya daɗe yana murza ta a hannu. Da ya miƙa, da hannu biyu ya miƙa.

Rawar da Sadisu ya leƙo ke nan. Laraba ta ɗaure ƙararrawar a ƙarƙashin ƙoƙon da tsirkiyar fata, ta ɗame yadda ba za ta motsa ba. Ta ƙara wa umarninta wasu layuka, cewa yayin da ake juya ƙoƙo ta kowace fuska, kwamfuta ta lura da lamba mafi girma da mafi ƙanƙanta a kowane ɓangare, ta nemo tsakiyarsu. Gwargwadon yadda tsakiyar ta kauce, wannan rabon ƙararrawa ne, sai a riƙa cire shi, abin da ya rage shi ne jan ƙasa tsantsa. Shi ya sa dole a kifa, a karkata, a zagaya, har ƙwaya ta ɗanɗana kowace kusurwa. Kuma kafin ta ɗaure, ta yi wani abu da ba wanda ya sa ta. Ta kwance ƙyallen harshen, ta kaɗa ƙararrawar, ta naɗi muryarta a kwamfuta, ta mayar da ƙyallen. Ta goge tsuwwar nan, ta sa muryar a madadinta.

Da hantsin ranar kasuwa Bakoji ya iso shago da ƙullin kayansa a kafaɗa, Halima na biye da shi. Maliki ya zo, masu jiran mota ma suka matso. Sadisu, wanda ya riga ya baza labarin daren jiya, ya ce, "Anti, ni fa tsorona ɗaya. Ƙararrawa a hannunki, kada mu wayi gari Baffa ya nufi coci."

"In ya zo za mu ba shi kujerar gaba. Kai kuwa ko a bakin ƙofa sai mun yi shawara."

Bakoji ya murmusa, karon farko a kwanakin nan. Ya shafa ƙoƙon, yatsunsa suka sami ƙararrawar a ƙasa, suka tsaya a kanta. Sai ya ce, "Kai mai shayi, zo ka juya ni. Yau ni na ce."

Sadisu ya kama kafaɗunsa ya yi ta juya shi, dama da hagu, har shi kansa jiri ya fara ɗibarsa. Ya sake shi yana fuskantar mangwaro. Dattijo ya danna maɓalli, ya jawo ƙoƙo ƙirjinsa, ya fara juyawa da ƙananan taku. Ya wuce teburin shayi, shiru. Ya wuce bakin tasha, shiru. Sai ƙararrawa ta buga.

Bai san an sa muryar ba. Ya tsaya cak, leɓensa na motsi. "Saige," ya ce a hankali, irin yadda ake kiran dabba kada ta firgita.

Maliki ya tsuguna ya hango bangon masallaci ta saitin kafaɗarsa, ya miƙe yana dariya. "Wallahi ko liman sai haka."

Aka kai shi bayan shago aka sake, aka kai shi tsallaken titi aka sake. Duk inda aka juya shi, Saige na kiransa wuri ɗaya. Masu jiran mota suka bar motarsu ta cika da wasu. Can Bakoji ya kashe maɓalli, ya shimfiɗa buzunsa ya yi nafilar walaha, ba wanda ya taɓa shi. Da ya shafa addu'a ya lalubo ƙullin kayansa ya miƙa wa Halima.

"Kai wannan gida, ya dame ni da nauyi." Ya juyo wajen Laraba. "Useko, na gode, 'yar Solomon. Allah ya yi miki abin da kika yi min."

"Amin, Baffa. Amma ka riƙa kawo shi caji, ba ciyawa yake ci ba."

Laraba, ke ce mai sansana ciwo kafin ki taɓa. Ke ce kika tashi muryar ladan, kika tashi rediyon gari lokacin da gari ya kurumce. Ba alƙiblarki ba ce, amma kika yi rawa a tsakar gida har kika samo wa mai ita. An kawo miki dattijo da abin da ya rage masa a duniya a aljihu, ba ki ce ya ajiye ba, kika gyara lissafinki ya ɗauke shi tare da kayansa. Mun gode. Allah ya ƙara wa idonki haske, ya kiyaye hannunki daga rawa.

Yanzu siraran wayoyin wuta sun fara yi wa idonta gizo, ta ce duk mai son koyo bencinta a buɗe yake, mace ko namiji, muddin zai iya zama. Matan da ke tsintar kaɗanya a bakin daji har sun fara tambaya ko za a yi musu irinsa mai tuna hanyar titi. Masu 'ya'ya, ku turo su. Masu sana'a kuma, idan aka kawo muku gyara, ku riƙa duban mai kayan kamar yadda kuke duban kayan.

Bakoji yana nan cikin gari. Idan kun ji ƙararrawar saniya a kara ko a gindin wata katanga, kada gabanku ya faɗi, dattijo ne zai yi salla. Da yamma yakan kawo ƙoƙon caji, su zauna a teburin Sadisu shi da Laraba da Maliki. Sai dai an lura da wani abu. Idan ya sallame la'asar, yakan miƙe ya ba gabas baya, ya fuskanci inda rana ke faɗuwa a kan daji, ya ɗan tsaya yana shaƙar iska, babban yatsansa a kan ƙararrawa.

Ranar nan Sadisu yana kallonsa, ludayin madara a hannu, ya ce ba da wasa ba, "Anti Laraba, ƙoƙon nan dai ya san hanyar Makka. Yaushe za a koya masa hanyar ruga?"

Laraba ta ci gaba da hura shayinta. Maliki ya dubi ƙasa.